Sharhi: Jinyar Zukata a Umbadda Lokacin Annoba



Tun da aka ba da sanarwar ɓullar cutar korona a Sudan cikin watan Maris na 2020, har hukuma ta kulle jihar Khartum daga 18 ga Afrilu, ta tsare gadojin Nilu, ta dakatar da sallar jam'i, mutanen Umbadda, wannan babbar unguwa ta yammacin Omdurman inda zuriyar alhazan ƙasar Hausa suka yi kaka-gida, sun ɗanɗana wani ƙunci wanda ba ya shiga alƙaluman ma'aikatar lafiya. Domin kuwa mai taɓin hankali ko mai ciwon damuwa, a al'adarmu gida ne asibitinsa na farko: uwa ce take ƙirga masa ƙwayoyi, wansa ne yake riƙe hannunsa zuwa asibitin Tijani al-Mahi, maƙwabci kuma shi yake jawo shi kan tabarmar buɗa-baki a bakin titi. To, da Ramadan ya kama cikin kulle, aka naɗe tabarmi, Kasuwar Libiya ta yi tsit, magani ya yi wuyar samu, sai masu jinya da kansu suka wayi gari suna bukatar mai rarrashinsu.

A nan ne waya ta yi rana wajen tuntuɓar likita, kuma ba mu raina ta ba. Amma fa matar da take ɗaki guda da surukarta da 'ya'yanta, ina za ta keɓe ta faɗa wa likita abin da ke hana ta barci, alhali wuta ta ɗauke, kuɗin kira kuma na burodi ne? Marigayi Dokta Tijani al-Mahi, wanda ya rasu a 1970, ya fahimci cewa likita shi kaɗai ba ya warkar da zuciya, shi ya sa ya nemi haɗin kan shaihunai da dangi. Jinya ta waya ma sai da su take tsayuwa.

Yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai, wayar ce ta rage wa mutane da yawa. Saboda haka muna roƙon malamai su daina barin a jingina kowace damuwa ga aljanu ko raunin imani, su haɗa addu'a da tura mutane wajen likita. Ku kuma 'yan'uwa, idan kun kira gida, bayan kun tambayi mai jiki, ku tambayi mai jinya yadda ta kwana, ku dakata ku ji amsarta.