Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Duk wanda ya ratsa ta wajen masu sayar da littattafan addini a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sheikh Abubakar Gumi, ba zai sha wahalar samun abin da zai koya masa wankan gawa da sa likkafani da sallar jana'iza ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ma kaɗai ta isa. Wannan daidai ne, domin haƙƙin mamaci ne. To, amma wanda aka bari a raye fa?

Jihar Kaduna ta san rashi. Rikicin watan Fabrairun 2000, da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, da abin da ya auku a Tudun Biri cikin Disambar 2023, duk sun bar zawarawa da marayu. Bisa al'ada, bayan kwana uku sai a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Ma'aikaci ya koma ofis, ɗalibi ya koma aji, ita kuwa matar mamaci tana cikin takaba har wata huɗu da kwana goma. A lokacin ne kewa ke kankama, ga shi kuma masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa.

Abin da ya fi damun wannan jarida shi ne yadda "sai haƙuri" ta zama abin toshe bakin mai jimami, har waɗansu na ɗaukar hawaye a matsayin raunin imani. Da sun buɗe Riyadus Salihina na Imam Nawawi, da sun tarar da babi guda a kan halaccin yi wa mamaci kuka muddin babu kururuwa. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci sa'ad da labarin shahadarsa ya iso. Yau kuwa sau da yawa gidan da aka yi wa rashin ne ke ɗora tukunya domin baƙi. Nana Asma'u, duk da zurfin iliminta, ba ta ɓoye kewarta ba a marsiyyar da ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837.

Ɗaliban da suka karanta matakai biyar na jimami na likita Elisabeth Kübler-Ross sai su yi hattara. Littafin nata na 1969 daga hira da majinyatan da ke bakin ajali ya samo asali, ba tsani ba ne da za a tilasta wa bazawara ta hau.

Saboda haka ya kamata masu ɗab'i irin su kamfanin NNPC na Zariya su haɗa kai da malamai da likitoci, su fitar da ɗan ƙaramin littafi da Hausa, boko da ajami, a kan farashin da talaka zai iya saye a wannan kasuwa. Ya ƙunshi abin da ya dace mai ta'aziyya ya faɗa, da abin da ya kamata ya haɗiye, da kuma alamun da ke nuna jimami ya zama ciwo, kamar daina cin abinci da rashin barci na tsawon watanni, har ya kamata a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Tun da kuwa ba kowace mai takaba ce ta iya karatu ba, sai Rediyon Tarayya na Kaduna ya riƙa karanta shi a shirye-shiryen mata.