KADA A MIƘA WA MAI JEGO DIGA

'Yan'uwa, ran 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta kashe aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Bulala ta tafi, amma yunwa ma tilas ce.

A 2011 aka kafa shirin tallafin talakawa, ya shigo jahar Tawa. Waɗansu gidaje sun karɓi jika goma kowane wata, waɗansu kuwa sai sun tona ramukan tare ruwa a fako kana a biya su. Gyaran ƙasa alheri ne, tassar Illela shaida ce. Amma mace mai ɗan wata uku, wa zai shayar da shi tana saran tsandauri da rana tsaka?

Dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa mako 14. Ma'aikaciyar gidan siminti na Malbaza tana da wannan hakki. Ta ƙauye laifin me ta yi? A Habasha an ɗauke wa mai shayarwa aikin, ana ba ta rabonta.

Kowane reshe a Ƙwanni, Malbaza da Illela ya ƙidaya masu jego na unguwarsa, ya kai wa magajin gari ran kasuwa. Buƙatarmu ɗaya ce: a biya su cikakke, ba aiki, har yaro ya shekara.