Wainar Ƙwai da Kawa: Ina Amfanin Yake?

Sharhinmu na yau zai kai mu kasuwannin dare na Taiwan, irin su Shilin da Ningxia a birnin Taipei, inda jama'a ke bin layi don sayen wainar ƙwai da kawa. Kawa dai halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, namanta taushi gare shi. Asalin abincin daga gaɓar tekun Fujian yake, a kudancin ƙasar Sin, sannan 'yan ci-rani suka kai shi Singafo da Malesiya da Tailan.

Mai suya kan zuba mai a faffaɗan kasko, ya watsa ƙananan kawa, ya kwarara ƙullun sitacin dankali, ya fasa ƙwai, ya ɗora ganye, daga ƙarshe ya malala jar miya mai zaƙi. Masu talla na cewa abinci ne mai gina jiki. Da gaskiyarsu, amma sai an duba me ke cikin farantin.

Babu abincin da ya kai kawa yawan sinadarin zink. Giram 85 na kawa na ɗauke da kusan miligiram 30, alhali abin da namiji baligi ke buƙata a rana miligiram 11 ne, mace kuma 8. Iyaye mata sun san wannan sinadari, domin shi ne ƙwayar da ake haɗa wa yaro da ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama shi. Yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana taimaka wa rauni ya warke, yana kuma da hannu a girman yara. Ga bitamin B12 da sinadarin ƙarfe, waɗanda jiki ke buƙata wajen yin jini. Ƙwai ɗaya kuma na ƙara kimanin giram 6 na furotin.

To ina matsalar take? Kawa na da tsada, sitaci kuwa arha ne. Mai neman riba sai ya rage na farko ya ƙara na biyu, ya cika mai don gefen wainar ya yi ƙaras-ƙaras. Abin da zai iso gabanka galibinsa sitaci ne da kitse, da miya mai sukari da gishiri, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana. A ganina, wannan zalunci ne ga mai saye, musamman mai hawan jini ko ciwon suga da ya zo da niyyar cin abu mai amfani.

Sai batun dahuwa. Kawa na tace ruwa ne ta sami abinci, don haka takan tara ƙwayoyin cuta irin su Vibrio. Wadda ba ta dahu ba haɗari ce ga mai ciwon hanta da mai raunin garkuwa.

'Yan kasuwarmu da ɗalibanmu da ke zuwa waɗannan ƙasashe, ku saurara da kyau. A mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, amma a al'ada da kitsen alade ake soya wannan waina. Ku tambayi mai suya da wane mai ya yi aiki kafin ku miƙa kuɗinku.