Jiki Ɗaya, Murya Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani akwai wata lalura wadda ke raba mutum da kansa. Yau ya yi magana da wata murya da wani suna, gobe ya rantse bai san an yi ba. Mu nan da mun gani sai mu ce iska ce.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sake mata suna a 1994, suka kira ta rarrabuwar kai. Galibinsu sun tafi a kan cewa asalinta azaba ce mai tsanani da aka yi ta gana wa yaro, har hankalinsa ya tsage don ya tsira. Waɗansu sun saɓa, suka ce tambayoyin masu magani ke haddasa ta, hujjarsu kuwa yawaitarta bayan fitowar littafin Sybil a 1973.

Ba ƙwayar da ke warkar da ita, sai doguwar zantawa da likita da haƙurin dangi. Saboda haka mari da bulala zalunci ne, addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti. Mu masu riƙon 'ya'yan mutane, amana ce a wuyanmu. Allah ne Masani. Wassalam.