Katoɓarar ɗan siyasa ba ta cika cikin yaro

A watan Mayun 2022 wani ɗan majalisar Birtaniya, Lee Anderson, ya ce ana iya dafa abinci da kwabo 30 kacal, wai matsalar talakawa rashin iya girki ne da rashin tattali. Jaridu suka yi masa caa, aka sha dariya, aka watse.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, katoɓara takan cika shafukan jaridu, alƙaluma kuwa ko oho. A shekarar 2023/24 yara miliyan 4.5 ne ke cikin talauci a Birtaniya, wato kashi 31 cikin ɗari.

Yankin Sikotland, mai majalisar kansa tun 1999, ya kafa doka a 2017 cewa zuwa 2030 talaucin yara ya sauka ƙasa da kashi 10. A 2021 gwamnatin yankin ta fara ba iyalai marasa ƙarfi fam 10 duk mako kan kowane ƙaramin yaro, a 2022 ta mai da shi fam 25. Ta yi alƙawarin kashi 18 a 2023/24, ta tsaya a 22, tana kuma ɗora wa Landan wani ɓangare na laifin.

Ta gaza, ba musu. Amma da me muka san ta gaza? Da adadin da ta rubuta a doka, wanda kowa zai iya kama ta da shi.

Jama'a, idan ɗan siyasa ya yi suɓutar baki, a yi dariyar. Amma kafin a watse, a tambaye shi: yara nawa za ka fitar daga talauci, kuma zuwa yaushe?