Wai Wace Amana Ɗan Haya Ya Ci?

'Yan uwa, duk wanda ya zaga unguwannin Talata Mafara a 'yan shekarun nan ya san ɗaki ya zama gwal. Mutanen ƙauyukan Maradun da Bakura da 'yan bindiga suka tarwatsa sun kwararo cikin gari, ga ɗaliban kwalejin Abdu Gusau su ma suna neman makwanci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanci ke fama da kwanon masara, sai ga dillali ya yi sallama, wai mai gida ya ƙara kuɗi, a biya na shekara a dunƙule ko a kwashe komatsai.

To idan bawan Allah ya nemi mafita, ya matsa da iyalinsa cikin ɗaki biyu, ya saka wani a na ukun don su haɗu su biya, sai a ce ya ci amana. Wace amana? Haya a fiƙihu sayen amfani ne. Ka biya, amfanin gidan ya zama naka har wa'adi ya cika. Shi ya sa Malikiyya suka halatta wa ɗan haya ya ba wani haya, da sharaɗin kada wanda ya saka ya fi shi cutar da ginin. Ba a kama ɗakin kwana a saka maƙeri ko mai injin niƙa. Amma fa in ka sa hannu a takarda cewa ba za ka saka kowa ba sai da izini, je ka nemi izinin. Alƙawari kaya ne.

In hakan ta gagara, a nemi biyan wata-wata, ko a warware yarjejeniyar da yardar juna. Mai gida kuma ya koma ya karanta aya ta 280 a Suratul Baƙara kan jinkirta wa mabarcin da ke cikin ƙunci. Cire ƙofa ko kwance kwanon rufi don mutum ya tashi zalunci ne tsagwaronsa. Ko dokar boko cewa ta yi a ba da notis, a je kotu.

Sai ku samarin da kuka mai da abin sana'a: ku kama gida, ku tsattsaga shi da zana da langa-langa, ku ninka wa zawarawan da aka kashe wa maza. Kada ku laɓe da cewa Malikiyya sun halatta riba a nan. Hanafiyya cewa suka yi rarar sadaka za a yi da ita, sai in an yi wa wurin gyara. Kuma wane malami ne ya halatta tatsar wanda ya gudo da zane ɗaya?

Wannan yanki ya san kora tun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da madatsar Bakolori ta raba da gonakinsu. Kuma garuruwan nan uku kowanne ya ba Zamfara gwamna: Yarima daga Bakura, wanda ya ƙaddamar da Shari'a a 1999, Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun. Ashe a ƙasar da ake tinƙaho da Shari'a za a watsa wa mace tukwane a titi saboda kuɗin wata uku? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya mabarta cikin masu cin zakka. Muna kira ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta ware kaso don bashin haya, limaman unguwanni su tattara mata sunaye.