NAZARI: Tikitin dawowa, shingen da ke tare matafiyi tun bai bar gida ba

A ranar 13 ga Nuwamba, 2023, wani jirgin kamfanin Air Peace da ya taso daga Legas ya biya ta Kano ya sauka a Jidda ɗauke da fasinjoji 264. Suna sauka hukumomin Saudiyya suka ce an soke bizarsu. Bayan jami'an diflomasiyyar Najeriya sun sa baki aka bar 87 suka shiga, sauran 177 kuma aka ce kamfanin ya mayar da su inda ya ɗebo su. Daga baya ofishin jakadancin Saudiyya ya ce mutanen sun bayar da bayanan da ba daidai ba ne, suka karɓi nau'in bizar da ba tasu ba.

An yi ta muhawara kan wanda ke da laifi. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne wanda ya ɗauki nauyin dawo da su, wato kamfanin jirgin. A nan ne amsar tambayar da ke ɗaure wa matasa da dama kai take: me ya sa ma'aikacin kamfanin jirgi a Filin Malam Aminu Kano, wanda ba jami'in shige da fice ba ne, zai dubi mai fasfo da biza ya ce ba zai hau ba sai ya nuna tikitin dawowa?

Tushen ƙa'idar yana cikin Yarjejeniyar Shikago ta 1944 kan sufurin jiragen sama. Rataye na 9 na yarjejeniyar ya ɗora wa kamfanin da ya kai fasinja alhakin kwashe shi idan ƙasar ta ƙi karɓarsa. Ƙasashe da yawa sun ƙara da tara. Birtaniya, bisa dokarta ta shige da fice ta 1999, tana cin kamfani fam 2,000 a kan kowane fasinjan da ya kai ba tare da cikakkun takardu ba, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa mambobinta irin wannan hukunci tun 2001. Saboda haka ma'aikacin da ke bakin kanta yana duba wani kundin kwamfuta mai suna Timatic, na Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, wanda ke nuna sharuɗɗan kowace ƙasa ga kowane fasfo. In kundin ya ce ana bukatar shaidar fita, ko ma ya ce jami'in can yana iya tambaya, hana fasinja hawa ya fi wa kamfanin arha a kan ya yi kasada da shi.

Ta haka ƙasashe masu arziki suka matso da iyakokinsu zuwa filayen jiragen Kano da Abuja da Yamai, suka kuma bar wa 'yan kasuwa aikin tsaronsu. Wanda jakadanci ya hana biza yakan samu takardar da ke faɗin dalili. Wanda aka tsayar a kanta kuwa babu kotun da zai je kafin jirgi ya tashi.

Ba kowa ƙa'idar ta shafa ba. Ɗan ƙasa mai komawa gida, da mai izinin zama, da galibin masu bizar karatu ko ta aiki, suna iya tafiya da tikitin zuwa kawai. Waɗanda take kamawa su ne masu ziyara ta ɗan lokaci: 'yan kasuwa, masu Umara, masu neman magani, da masu zuwa ƙasashen da ba sa neman biza, waɗanda sukan ɗauka rashin biza na nufin rashin sharaɗi. Kuma ba dole tikitin ya zama na komawa gida ba; a wurare da dama shaidar wucewa zuwa wata ƙasar da za ta karɓi mutum ta wadatar.

Sai dai me tikitin dawowa yake tabbatarwa? Cewa mai shi yana da kuɗin saye, shi ke nan. 'Yan takari da suka shafe shekaru a unguwannin Makka da Jidda ba rashin tikitin dawowa ne ya zaunar da su ba. Haka masu safarar 'yan mata zuwa aikatau a Gabas ta Tsakiya, waɗanda hukumar NAPTIP ke farauta tun kafa ta a 2003: kuɗin tikiti ɗaya ba komai ba ne a cikin ribarsu, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ake tambaya a kanta. Wanda ƙa'idar ke matsa wa shi ne mai gaskiyar da bai san ranar gama abin da ya kai shi ba, kamar mai rakiyar majinyaci zuwa Alƙahira ko Indiya. Dole ya sayi ranar da bai da tabbas a kanta, daga baya ya biya kuɗin canji. Tun bayan da aka saki naira a Yunin 2023, farashin tikitin da ake lissafawa da dala ya ninka a aljihun mai samun naira.

Wannan matsi ne ya raya kasuwar tikitin bogi. Ejan zai kama wa mutum kujera ba tare da an biya ba, ya buga masa takarda mai lambar rajista, wadda kan mutu da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku. Akwai bambanci a nan da ya kamata a lura da shi. Ofisoshin jakadancin ƙasashen Shengen suna karɓar kamun kujera na gaskiya a lokacin neman biza, Birtaniya ma ta sanya takardar jirgi cikin abubuwan da ba ta bukata daga mai neman bizar ziyara, sai ga mai yada zango. Amma takardar da aka ƙirƙira, ko wadda ta riga ta mutu aka nuna ta a matsayin tikitin da aka biya, yaudara ce a idon doka, kuma a Birtaniya yaudara a neman biza tana iya jawo haramcin shiga na shekara goma. Ejan ya ci 'yan dubbansa ya wuce, tabon kuma yana kan fasfon matafiyi.

Duk wanda ya zarce wa'adinsa yana ƙara wa na bayansa nauyi, domin da alƙaluman masu zarcewa ƙasashe ke kafa hujja. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza a Oktoban 2022, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2024. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya ta ɗan lokaci zuwa wata uku, shiga sau ɗaya. A kowane karo hankalin gwamnati ya fi karkata ga lallashin ƙasar da ta rufe ƙofa, maimakon sa ido a kan ejojin da ke cike wa mutane fom ɗin ƙarya a Kano da Legas.

Akwai kuma inda ba a tambayar tikitin dawowa ko kaɗan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba biza, kuma ko da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa a ranar 29 ga Janairu, 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta wannan dama har sai an sake shawara. A Nuwamban 2023, watan da aka dawo da fasinjojin Jidda, gwamnatin sojin Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, motocin Agadas suka koma ɗaukar fasinja zuwa Libiya a bainar jama'a. Matashin da aka juya a kanta saboda ba shi da kuɗin tikiti biyu ya san da wannan hanya.